Tantabara Ba Kurciya Ba Ce

Tun da na dawo daga Kebbe ban ƙara gyara rediyo ɗaya cikin natsuwa ba. Da na ɗauki sukudireba sai wani ya leƙo rumfata: “Sanda, wai gaskiya na an kama ka kana ma mutane kurciya?” Wannan ya tafi, wani ya zo da nasa ƙarin gishirin. Shekaranjiya har na ji wai an ɗaure ni a jikin tsamiya, wai tsuntsayen nawa magana suke yi. To, ga yadda abin ya faru, na rubuta shi gaba ɗaya. Wanda ya iya karatu ya karanta, wanda bai iya ba ya nemi mai karanta masa, ni dai a bar ni in yi aikina.

Sunana Umaru, ana ce mini Sanda. Gyaran rediyo da lasifika nake yi a kasuwar Tambuwal, a bayan gida kuma ina kiwon tantabaru. Nawa ba na miya ba ne, na tashi ne. Nakan ba direbobi su su sake su a Dogon Daji ko Sanyinna ko Jabo, kafin direba ya gama lodin dawowa sun riga shi gida. Amma ni ba haifaffen Tambuwal ba ne. A wani ƙauye kusa da Kebbe aka yanke mini cibiya, kuma kafin wannan tafiya shekarata goma sha huɗu ban taka shi ba.

Dalilin kuwa bakina ne. Lokacin da mahaifinmu ya kwanta ciwon ajali, na matsa a kai shi asibiti Sakkwato. Yayana Altine, wanda ke jinyarsa, ya ce tsohon ya roƙe shi kada a fitar da shi daga ɗakinsa. Allah ya yi masa rasuwa. Ranar sadakar uku, ƙofar gida cike da jama'a, na miƙe na nuna Yaya da yatsa na ce, “Kai kak kashe shi.” Na hau babur na kama hanya. Magana zarar bunu ce. Fushin bai yi shekara ba ya huce, kunya ta maye gurbinsa, ita kuwa kullum ƙara nauyi take yi. Dangi suka fara cewa an yi wa Sanda kurciya, wato asirin nan da ake cewa ana ɗaura wa kurciya laya a sake ta, mutum ya bar gida ya kasa komowa. Na bar su da zancensu, don ya fi gaskiyar daɗin ji.

Wadda ta ja mini tafiyar ita ce 'yata Uwani, mai sunan mahaifiyata, da ke karatun kimiyya a Sakkwato don ta zama malama. Ta zo hutun damina da aikin da za ta rubuta na ƙarshe, ta same ni ina watsa wa tsuntsaye dawa.

“Baba, ka san yadda suka gane hanya?”

“Allah ya nuna musu,” na ce.

“Awo, Allah ya nuna musu. Da mi yan nuna musu nika tambaya.”

Ta zaunar da ni ta yi mini karatu. Ta ce ƙasar nan da muke takawa ita kanta wani babban maganaɗisu ce, abin da mu masu gyara ke kira mayen ƙarfe, shi ya sa allurar kamfas kullum take kallon arewa. Tantabara, in ji ta, idan akwai rana da rana take aiki. Idan gari ya yi lumshi, rana ta ɓace, sai ta koma jin wannan jan na ƙasa. A ina take jin sa, masana har yau ba su daidaita ba, wasu sun ce baki, wasu ido, wasu can cikin kunne. Abin da take so shi ne in ba ta tsuntsaye takwas. Huɗu a rataya musu ɗan mayen ƙarfe irin na cikin iyafis, abin sauraren nan da ake saƙalawa a kunne, wanda bai fi ƙwayar wake ba, huɗu kuma a rataya musu guntun tagulla mai nauyi ɗaya, wadda ba ta jan komai. A sake su ranar lumshi, a ga waɗanda za su ruɗe.

Ni da na shekara talatin ina ɓamɓare mayen ƙarfe daga lasifika, ban taɓa tunanin yana da hulɗa da tsuntsu ba. Abin ya ba ni sha'awa. Muka kai wa baduku ya ɗinke kowane cikin 'yar fata don kada ya ji wa tsuntsu ciwo, masu maye da jan zare, masu tagulla da fari. Da ya miƙo mana su na ga sun yi kama da wani abu, amma ban tsaya tunani ba.

“Ina za a sake su?” na tambaya.

“Inda ba su taɓa zuwa ba. Dogon Daji sun san hanya, Jabo sun haddace ta. Kudu ta rage. Kebbe.”

Na dube ta, ta dubi rufin ɗaki. Ta ce ita dole ta zauna gida da agogo tana jiran isowarsu, don haka ni ne mai tafiya. Na ce to, amma cikin garin Kebbe zan tsaya, ƙafata ba za ta nufi ƙauye ba.

“Ni dai tantabaru nac ce, Baba,” in ji ta.

Ranar Asabar da safe na shiga mota da akurkina. Direban mutumin Sanyinna ne, ya rubuta “Sannu Ba Ta Hana Zuwa” a bayan motar, kuma ya riƙe wannan alkawari da gaske. Ya so ya ɗaure akurkin a bisa tare da buhunan taki, na ƙi, na rungume shi a cinya. Kusa da ni wata dattijuwa ce 'yar Jabo, za ta wankan jegon 'yarta da ƙullin daddawa wanda ya cika motar da ƙamshi. Ta leƙa akurkin ta yi murna, ta ce lalle mai jegon da zan kai wa tana da gata. Kafin mu yi nisa ta koya mini yadda ake farfesun tantabara iri uku. Na ce ba na ci ba ne. Ta ce to na mene ne? Na ce na karatu ne. Daga nan ba ta ƙara yi mini magana ba, sai dai ta gyara zama ta matsa jikin ƙofa.

A wani shinge masu tsaron hanya suka tsayar da mu. Ɗaya ya leƙo ta taga.

“Malam, mine na cikin akurkinga?”

“Tantabaru.”

“Ina za su?”

“Tambuwal.”

Ya dubi inda muka fito, ya dubi inda muka nufa. “Ba daga Tambuwal kunka fito ba?”

“Daga can. Kebbe za ni kai su don su tafi Tambuwal.”

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya juya ga direba ya ce a hankali, “Akwai mai rakiya tai?” Motar ta kwashe da dariya, har da dattijuwar. Aka ɗaga mana itace muka wuce.

Tsakanin Tambuwal da Kebbe babu ƙofa, babu mai buga hatimi, amma damina ta yi mana tata iyakar. Mun iske ruwa ya yanke hanya a wani kwari, ya yi ja, yana gudu. Direba ya kashe mota ya ce nan ne iyakar ƙasarsa. Muka naɗe wanduna. Na ɗora akurki a ka, na shiga, ruwa har cinya, tsuntsaye suna ta kuka a bisa kaina. A tsakiya laka ta riƙe mini takalmin hagu, na tsaya ina lalube da yatsun ƙafa, dattijuwar nan ta zo ta wuce ni da daddawarta a ka ko tangaɗi babu. Takalmin dai ya tafi. A ƙetare masu babura suna jira, na hau ɗaya, na shiga Kebbe da takalmi ƙafa guda.

Na sauka wurin Mamman, mutumin Tambuwal da ke da shago kusa da tasha, wanda na sha gyara wa rediyo. Ya ba ni ɗakin ajiyarsa, tabarma tsakanin buhunan gishiri da jarkokin manja. Abinci kam ban ga rowa ba. Da safe kunu da hoce, da rana fura mai kaurin da ludayi ke tsayawa a ciki, da yamma tuwon gero da miyar kuka da kifi. Mu a Tambuwal mun saba da fura mai ruwa ta matafiya, a kurɓa a tsaye a bi mota. Na manta cewa akwai inda ake zama a sha fura kamar ana aiki.

Gaisuwa ma haka. Tambuwal gari ne na bakin titi, wani lokaci ƙahon babur ya isa sallama. A Kebbe kuwa sai an tambaye ka gida, da iyali, da ruwa, da shuka, da dabbobi, a koma kan gajiya sau biyu. Wannan duk mai sauƙi ne. Mai wuyar ita ce tambayar da ke biyo baya: “Ɗan gidan wa na?” A Tambuwal sana'arka ake tambaya, a can ubanka. Sai Mamman ya amsa mini, “Baƙona na, daga Tambuwal.” Kowane lokaci ya faɗi haka sai in ji wani abu ya soke ni, don tafiyar rabin awa ce a ƙafa daga shagon zuwa ɗakin da aka haife ni. Na ja hula har gira, na maƙala tabarau. Ranar kasuwa na hango wani ɗan ƙanen babanmu yana cinikin akuya, na faɗa rumfar masu tukwane na tsuguna ina ƙwanƙwasa tulu kamar mai saye, har ya wuce.

Na zaci kwana ɗaya zan yi. Ashe lumshi ba ya zuwa don an kira shi. Tsakiyar damina, amma kwana uku rana ƙwal tun daga fitowa har faɗuwa, manoma suna duban sama don gero, ni ina duba don tsuntsu. Waya kuma ba ta shiga sai an fita bayan gari an hau wani dogon suri, inda za ka iske mutum biyar a layi kowa da wayarsa a hannu. Kullum da hantsi nakan hau in kira Uwani.

“Yaya sama, Baba?”

“Tas, kamar an wanke.”

“To ba a saki.”

Rana ta uku na hasala, na ce zan sake su haka nan in dawo. Ta ce in na yi haka rana za ta nuna musu hanya su duka takwas, aikin ya tashi a banza. Na kashe wayar ina gunguni. Kafin in sauka daga surin na juya kudu, sai ga kan rimin ƙauyenmu, wanda muke wasa a gindinsa ni da Yaya. Ban ɓoye muku ba, na yi kewar gida. Na tsaya ina kallo sai da na bayana ya ce, “Malam, in ka ƙare a ba mu wuri.”

Ranar Laraba gari ya waye a lumshe, sama ta rufe ruf, babu ruwa, babu iska, ba ka iya nuna inda rana take. Na saɓi akurki. Uwani ta ce in nemi fili nesa da wayoyin lantarki da rufin kwano, filin da na samu kuwa, ko ƙafata ce ta zaɓe shi ban sani ba, yana kan hanyar ƙauyenmu, bayan gonakin gero. Na tsuguna na rataya wa kowace tata 'yar fatar a wuya, na fara saki ɗaya bayan ɗaya, sai wadda na saki ta ɓace wa ido sannan in saki ta gaba.

Gani ya kori ji. Ta farko mai farin zare ta tashi, ta kewaya sau biyu, ta miƙe arewa kamar an ja ta da igiya. Mai jan zare ta tashi, ta kewaya, ta sake kewayawa, ta yi gabas, ta fasa, ta dawo bisa kaina, daga ƙarshe ta yi gabas ɗin. Ta biyu mai fari, arewa. Ta biyu mai ja ta yi ta zagaye har wuyana ya gaji, sannan ta sauka kan wani gawo ta zauna tana waige. Ta uku mai fari ta ɗan yi yamma kafin ta gyara. Ta uku mai ja kuwa kudu ta nufa kai tsaye, ta ba Tambuwal baya. Ina riƙe da takarda ina zana kibiyoyi, na manta da duniya, sai na ji an kurma ihu a bayana.

“Jama'a ku taho! Ga shi nan! Ga mai kurciya!”

Wata tsohuwa ce da fartanya a hannu, ta fito daga cikin gero. Ashe ta daɗe tana kallona. Sai a lokacin na dubi kaina da idonta: baƙo, ya ja hula ya rufe fuska, ya tsuguna bayan gari ranar da babu rana, yana ɗaura wa tsuntsaye layu da jan zare yana saki, yana rubutu a takarda. Wallahi da ni ne ita, da ihuna ya fi nata.

Kafin in miƙe manoma sun kewaye ni, da 'yan banga biyu da sanduna. Tsohuwar tana kuka tana faɗin ɗanta ya tafi Kurmi shekara bakwai, ko saƙo babu, yau ga irin masu yin abin ta gani da idonta.

“Iya, ki duba,” na ce, “tantabara ta, ba kurciya ba! Kurciya tafiya taka yi, wagga komowa taka yi!”

“Duk fiffike na,” in ji wani mai gatari.

Ba wanda ya taɓa ni da duka, gaskiya ɗaya ce, balle tsamiya. Sun dai riƙe ni a gwiwar hannu, ɗaya ya ɗauki akurki da sauran tsuntsaye biyu, aka ce sai gaban maigari. Na tambaya wane maigari. Suka nuna rimi. Haka na shiga garinmu bayan shekara goma sha huɗu, a tsakiyar 'yan banga, da aron takalmin Mamman wanda ya yi mini yawa.

Maigarin da na sani ya rasu, ɗansa ne a kan buzu, na bar shi saurayi. Bai gane ni ba. Ya saurari tsohuwa, ya saurari 'yan banga, sannan ya ce in yi bayani. Na ce, “Ranka shi daɗe, a ba ni reza da allura.” Na ciro 'yar fata mai jan zare daga wuyan ɗaya daga cikin biyun da suka rage, na farke ta a gaban kowa. Jama'a suka ja da baya. Babu rubutu, babu gashi, babu farce, sai ɗan baƙin ƙarfe. Na kusantar da shi ga allura, ta yi tsalle ta manne. Wani ya ce, “Mayen ƙarfe na, irin na rediyo.”

Na hango dardumar liman a naɗe a gefe, irin tsarabar Makka mai kamfas a jiki don neman alƙibla. Na roƙa aka shimfiɗa ta. Allurar kamfas ta yi rawa ta tsaya. Na ce wannan jan ƙasa take ji, shi ya tsayar da ita. Na kawo ɗan ƙarfen kusa, allurar ta bar inda take ta biyo hannuna, na yi dama ta yi dama, na yi hagu ta yi hagu. Na ce 'yata ta ce tantabara tana da irin wannan a jikinta, shi ke kai ta gida ranar da babu rana, mu kuma muna gwadawa ne mu ga ko ƙarfen zai ruɗa ta kamar yadda ya ruɗa allura. Liman ya karɓi ƙarfen ya gwada da kansa har sau uku, yana girgiza kai. “Ikon Allah,” ya ce. “Ashe tsuntsu da alƙibla tai aka halitta shi.”

Aka fara dariya, mai gatari ya ɓoye gatarinsa a bayansa. Tsohuwar ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta matso ta dubi ɗan ƙarfen a tafin hannuna.

“To ɗana fa? Shi mi anka rataya mai? Ana iya cire shi hakanga da reza?”

Na so in ce ban sani ba, sai na ji bakina yana cewa, “Iya, wani ba a rataya mai komi ba. Kunya ta. Shina son komowa, bai san da wace fuska zai shigo ba. In kin samu mai zuwa can, ki aika a ce mai shi taho ko da hannu wofi.”

Maigari ya ƙura mini ido. “Kai kuwa ɗan gidan wa na?”

Na cire tabarau, na tura hula baya, na faɗi sunan mahaifina. Wani dattijo ya yi salati. Maigari ya ce, “A kira Altine.”

Na sha jira a rayuwata, amma ban taɓa jin tsawon lokaci kamar wannan ba. Ya zo daga gona, laka har ƙwauri. Na bar shi ƙaƙƙarfa mai baƙin gemu, ga shi ya rame, gemun fari fat, yana ɗan ranƙwafawa. Ya gaida maigari, ya gaida liman, bai dube ni ba.

“Altine, ka san wanga mutum?”

“Ƙanena na, ranka shi daɗe. Uwa ɗaya uba ɗaya.” Ya ɗan tsaya. “Bai iya asiri ba. Bakinai dai ad da dafi.”

Ya sunkuya ya ɗauki akurkin da kansa ya kama hanyar gida, ni kuwa na bi shi a baya kamar yadda na saba muna yara. Matarsa Kulu ta gan ni ta saki muciya, ta yi kuka, ta yi dariya, sannan ta ce ashe mijin nata na Tambuwal da ransa, ga shi har ya yi tumbi. Aka kawo ruwa, aka kawo fura. Yaya bai ce komai ba sai “Sha.”

Bayan Azahar muna zaune a zaure mu biyu, na tattara duk maganar da na shekara goma sha huɗu ina shiryawa, na ce, “Yaya, ka gafarce ni.”

“Wannan na yi tun ranar,” ya ce. “Ba ita nika jira ba.”

Ya daɗe yana murza ƙasa da yatsa.

“Kai ka zauna birni, ka san asibiti, ni ban sani ba. Tun ranar da kaf faɗi maganag ga, ba ranar da ban tambayi kaina ba ko gaskiya ta. Ko da na kai shi da ya tashi. In na bi ta maƙabarta sai in kau da kai. Kai kaɗai ka iya gaya min, kai kuwa ba ka zo ba.”

Ni duk zamana a Tambuwal na ɗauka ni ne mai ɗauke da kaya. Ban taɓa tunanin abin da na ɗora masa na tafi na bar shi da shi ba. Na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa. Na ce, “Ƙarya niy yi, Yaya. Baƙin ciki na yas sa ni. Kwana nai ya ƙare. Kai kaɗ ɗauke shi, kai kaw wanke shi wata shida, ni sai in zo ran Juma'a da lemu a leda. Abin da yar roƙe ka shi kay yi.”

“A gaban jama'a kaf faɗi waccan,” ya ce.

Na gane. Da aka sallame La'asar na miƙe a ƙofar masallaci kafin a watse, na maimaita abin da na faɗa a zaure, da ƙarfi, yadda na bayan sahu zai ji. Da na gama sai dattijon nan da ya yi salati ɗazu ya ce, “Mun ji waccan, mun ji wagga. Allah shi jiƙan magabata.” Aka shafa. Yaya ya sa takalminsa ya ce mini in zo mu duba gero kafin Magariba.

Washegari na hau suri na kira Uwani. Masu farin zare uku sun isa gida tun kafin rana ta take tsaka. Masu ja biyu sai da yamma, bayan sama ta buɗe rana ta fito. Wadda ta yi kudu ba ta iso ba sai da safen nan, a gajiye, ta faɗa kan kaskon ruwa. Na ce to ai magana ta ƙare, mayen ƙarfe yana ruɗa su. Ta ce a'a, tsuntsu shida rana ɗaya ba hujja ba ce, mai yiwuwa iska ce, mai yiwuwa shaho ne, sai an maimaita kamar sau huɗu. Na gaya mata a gidan wa na kwana. Na ji tana jan hanci, sannan ta ce, “Saura biyun fa?”

Saura biyun Yaya ya riƙe. Ya ce nan waya sai an hau suri, shi kuwa gwiwarsa ba ta hawa. “Ran da kag ga ɗaya bisa katangarka, ka taho.”

Kwana goma sha biyu da dawowata, da hantsi, ina tsakiyar like wata waya, uwargida ta aiko a ce mini tantabara mai launin toka, ɗaya daga cikin biyun da na bari a ƙauye, tana kan katanga. Na tuna ramarsa, na tuna ranƙwafawarsa. Ko rumfa ban rufe ba, na ɗauki babur ɗin maƙwabcina, a kwarin nan na bar shi hannun masu babura na faɗa ruwa da takalmi da wando. Duk hanya addu'a ɗaya nake yi, Allah ya sa in iske shi da rai.

Na iske shi a gindin bango yana tufka igiya, ga gasasshiyar masara a gefe ya ci rabi.

“Yaya, lafiya?”

“Lafiya lau.”

“Kulu fa? Yara fa?”

“Kowa lafiya.” Ya ɗaga kai ya dubi rana, ya dubi wandona da ke ɗigar ruwa. “Da sassafe nis sake ta, ga ka kafin Azahar. Ba laifi. Gwadawa nika yi. Ɗiyarka ta gwada nata, ni ma in gwada nawa.”

Na zube a kan tabarma, ban san ko in yi faɗa ko in yi dariya ba. Ya karya sauran masarar ya miƙo mini, ya nuna akurki da haɓa.

“Saura ɗaya. Wagga na aje ta sai ranar da ba wasa.”

Na ci masarata. Kasuwar da ta zagayo na kai masa wasu tantabaru shida.